Yadda parish zai shirya taimakon Kirsimeti ba tare da tara mabuƙata a layi ba

Ranar Asabar 21 ga Disamba, 2024, mutum goma suka mutu a turmutsitsi a cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama, Abuja. Kayan abinci aka shirya rabawa, ƙungiyar taimakon matalauta ta Waliyi Vincent de Paul da ke cocin ce ta ɗauki nauyi, kuma jama'a sun fara cika ƙofa tun gari bai waye ba. A ranar dai mutum 22 suka rasu wajen rabon shinkafa a Okija ta jihar Anambra, kwana uku kafin nan kuma yara 35 suka mutu a wani taron yara a Ibadan. Waɗanda suka shirya rabon Maitama alheri suka nufa. Amma yunwa ta yi yawa a ƙasa, aka kuma kira mayunwata wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abinci ya fi ƙarfin gidaje da yawa, alhali tun a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban. A irin wannan hali, parish ɗin (wato ikilisiyar Katolika ta yanki guda, ƙarƙashin Fada) da ya yi shelar "a zo ranar Asabar za a raba shinkafa" ya jefa rayuka cikin haɗari. Shawarata a nan guda ce: ku san gidajen tun da wuri, ku kai musu kayan har ɗaki, ku kuma koma bayan biki. Koyarwar Coci a kan zaman jama'a ma abin da take nema ke nan, idan aka sauko da ita daga takarda zuwa buhun masara.

Abin da Coci ke koyarwa, da abin da yake canzawa a aikin

Ana ƙirga farkon wannan koyarwa a rubuce daga wasiƙar Fafaroma Leo na 13 mai suna Rerum Novarum, ta 1891, wadda ta yi magana a kan haƙƙin ma'aikata da albashin da zai riƙe iyali. Fafaromomin da suka biyo baya sun yi ta ɗorawa. Ba sai ɗan kwamiti ya karance su duka ba, amma akwai abubuwa huɗu ko biyar da ya kamata su zauna masa a kai, domin kowannensu na hana wani kuskure.

Na farko mutuncin ɗan Adam. An halicci mutum cikin kamannin Allah, talauci ba ya rage masa komai. Wannan ya hana a jera gwauraye a gaban bagade suna riƙe da leda ana ɗaukar su hoto don Facebook. Na biyu, Allah ya ba da albarkar ƙasa domin kowa ya ci. Coci ba ta hana mutum mallakar dukiya ba, amma ta ce dukiyar da ke hannunka tana ɗauke da haƙƙin wanda ba shi da ita. Waliyi Yohanna Kirisostom ya kai maganar har inda ya ce ƙin raba dukiya da matalauta sata ce daga gare su, kuma Katikisim na Cocin Katolika ya kawo wannan magana tasa. Saboda haka mai bayarwa ba shi da bakin gori.

Na uku shi ne wanda Fafaroma Pius na 11 ya fayyace a 1931: abin da ƙaramar ƙungiya za ta iya yi da kanta, kada babba ta ƙwace mata. A parish, ma'anarsa ita ce katikis na ƙauye, mai koyar da addini a reshen coci, da matan zumunta na unguwa sun fi ofishin Fada sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Su za su kawo sunaye. Na huɗu, ɗaukar nauyin juna da fifita matalauta, abin da Linjilar Matiyu sura 25 ta ɗora shari'ar ƙarshe a kansa: mai yunwa, mai ƙishi, baƙo, huntu, mara lafiya, ɗan kurkuku.

Akwai kuma gargaɗin Fafaroma Benedict na 16 a wasiƙarsa Deus Caritas Est, wadda ya sa wa hannu ranar Kirsimetin 2005: kada a mai da aikin jinƙai hanyar jawo mutane su canza addini. Ga mu da ke zaune gida ɗaya, rijiya ɗaya da Musulmi a Kaduna, Jos, Zariya, Yola ko Kwantagora, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Za mu dawo kanta.

Mataki na farko: ku zauna tun kaka

Wanda ya fara shirin taimakon Kirsimeti a makon biyu na Disamba ya riga ya makara. Ku zauna a watan Oktoba, ko farkon Nuwamba idan an matsa. Fafaroma Francis ya kafa Ranar Matalauta ta Duniya, aka fara yin ta a 2017, tana faɗowa Lahadi ta 33 ta lokacin yau da kullum, wato tsakiyar Nuwamba, mako guda kafin idin Kristi Sarki. Rana ce mai kyau ta sanar da jama'a shirin daga bagade, amma kafin ta zo kwamiti ya riga ya tsayu.

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai zuwa tara. A sa wakilin ƙungiyar Vincent de Paul idan parish na da ita, biyu daga Zumuntar Mata, ɗaya daga ƙungiyar maza, ɗaya daga matasa, katikis, da wani daga kwamitin kuɗi na parish, wanda dokar Coci ta wajabta wa kowane parish ya kasance da shi. Fada shi ne uban tafiya, amma kada kuɗi ko maɓallin sito su kwana a hannunsa shi kaɗai. Wannan kariya ce gare shi. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe maɓalli daban.

Ku duba ƙabilun da ke cikin kwamitin. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna cewa rikicin farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce masu ƙorafin su yi haƙuri ba. Cewa suka yi a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin, cikinsu har da Istifanus. A parish ɗin da ke da Bajju da Atyap da Birom da Tibi da Ibo da Hausawa Kirista, idan kwamiti ya cika da yare guda, ƙorafin nan zai dawo ko da an yi rabon da gaskiya.

Mataki na biyu: ku biya bashin gida tukuna

Kafin a sayi mudu guda na sadaka, a tambayi kwamitin kuɗi: an biya maigadi? Mai dafa wa Fada abinci, mai shara, malaman makarantar mishan, katikis-katikis na ƙauyuka, akwai wanda ke bin parish albashi? Babban taron Batikan na biyu ya faɗi a fili cewa abin da mutum ya cancanta bisa adalci kada a miƙa masa shi da sunan kyauta. Parish ɗin da ke riƙe da albashin wata uku na maigadinsa, sannan ya ba shi ledar shinkafa ranar 24 ga wata, bai yi sadaka ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 tun 2024. Ko parish ɗin ƙauye bai iya kaiwa nan ba, ya kamata kwamiti ya san tazarar da ke tsakani, ya kuma kai maganar gaban majalisar parish.

Mataki na uku: jerin sunaye

Nan aikin yake, nan kuma ake ɓata shi.

Kada a ce "duk mai buƙata ya zo ya rubuta suna a ofis". Waɗanda za su zo su ne masu ƙarfin ƙafa da ƙarfin baki. Tsohuwar da ba ta iya tashi, da magidancin da aka sallama daga aiki yake ta rufin asiri da tsohuwar kwat ɗinsa ranar Lahadi, ba za ku gan su ba. A maimakon haka a raba parish bisa unguwanni da rassan ƙauye, kowane yanki a ba mutum biyu, mace da namiji, su kawo sunaye cikin sirri.

Ku yarda a kan ma'auni kafin a ambaci sunan kowa, a kuma rubuta shi. Idan aka fara da sunaye, kowa ɗan'uwansa zai tuna. Gidajen da suka fi cancanta a yankinmu yawanci su ne: gwauruwa mai ƙananan yara da ba ta da mai tallafa mata, tsofaffin da 'ya'yansu suka rasu ko suka yi nisa, gidan da yaro ko yarinya ke riƙe da ƙanne, gidan da jinya ta cinye, iyalin wanda ke kurkuku, naƙasassu, 'yan gudun hijirar da ke raɓe a gidajen dangi, waɗanda ba sa cikin lissafin kowane sansani, da gidajen da suka sayar da gona ko amfanin gona suka biya kuɗin fansa. Wannan rukuni na ƙarshe ya yi yawa a shekarun nan, kuma da wuya su yi magana, domin bara waccan su ne masu bayarwa.

Ga tambayoyin da za su taso, gara a amsa su tun yanzu.

Wanda ba ya zuwa coci fa, ko wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba, ko matar da aurenta ba na coci ba ne? A sa su. Katin baftisma ba takardar karɓar abinci ba ne. Duk parish ɗin da ya ce sai mai katin biyan kuɗin shekara zai samu ya mai da sadaka adashe.

Maƙwabta Musulmi da na sauran ɗariku fa? A sa su, bisa ma'aunin da aka sa wa kowa. Dama al'adar garuruwanmu ce a aika wa maƙwabci abincin Kirsimeti, shi ma ya aiko da naman Sallah. Sai dai a bi ta hanyar da ba za ta jawo zargi ba: a sanar da mai unguwa, a kai ta hannun maƙwabciyar da suka saba da ita, kada a saka takardar wa'azi a cikin kayan, kada a ce sai an yi addu'a tare kafin a miƙa. Idan akwai nama, a tabbatar yankan da za su iya ci ne, ko a ba da kaza da ranta. Wanda ya ce ba ya so, a yi masa godiya a wuce.

Dangin 'yan kwamiti fa? Talauci ba ya tsallake gidan ɗan kwamiti. Amma idan aka zo kan sunan ɗan'uwansa, ya fita waje sauran su yanke.

A kasa jerin gida uku: waɗanda ba makawa sai an kai musu, waɗanda za a kai wa idan kaya sun isa, da waɗanda buƙatarsu ba ta abinci ba ce. Littafin sunayen ya tsaya a hannun mutum biyu da Fada. Ba a karanta shi a coci, ba a tura shi zauren WhatsApp na parish.

Mataki na huɗu: ku je ku gani

Lokacin da Frederik Ozanam, ɗalibi ɗan shekara ashirin, ya kafa ƙungiyar Vincent de Paul tare da abokansa a birnin Faris a 1833, abin da ya bambanta su shi ne zuwa gidan matalauci da ƙafarsu, bibbiyu. Har yau tsarin ƙungiyar ke nan, kuma shi ya kamata kwamiti ya ara.

A je da rana, mutum biyu, ba da motar parish ba. Kada a shiga da takarda da biro a hannu kamar masu ƙidaya. A yi sallama, a zauna inda aka nuna, a gaisa sosai. "Mama, ina wuni, ya sanyi, ya jikokin? Fada ne ya ce mu zo mu gaishe ki, mu ji yadda kuke." Idan magidanci ne a girmama shi a gaban iyalinsa: "Baba, mun san shekarar nan ta yi wa kowa nauyi. Idan parish ya samu ɗan abin da zai taɓa, me ya fi damun gidan nan?" Sai a yi shiru a saurara.

Amsar takan ba da mamaki. Wata za ta ce tana da masara, kuɗin niƙa da mai ne babu. Wani maganin hawan jini ya yanke masa. Wata kuɗin hayar ɗaki ne zai ƙare ƙarshen Disamba. Wata kuma bargo, musamman a Filato da kudancin Kaduna inda hunturu ke shiga ƙashi. Ku lura da abin da ba a faɗa ba: akwai murhu da itace? Akwai wanda zai dafa? Mutum nawa ke kwana a ɗakin? Akwai yaron da ya kai shekarun makaranta yana zaune a gida? Bayan an fito a rubuta. Kuma kada a yi alkawarin komai a wannan ziyara, ko da hawaye ya zubo. "Za mu kai magana" ya isa.

Ba a shiga da yara ɗaki su kaɗai, ba a kuma aika namiji shi kaɗai gidan gwauruwa. Wannan ƙa'ida ce, ba ruwanta da yarda ko rashin yarda da mutum.

Mataki na biyar: tara kaya da kuɗi

Sai an san yawan gidaje da buƙatunsu ake sa abin da za a nema. Jama'a sun fi buɗe hannu idan aka ce musu "gidaje sittin ne, kowane gida na buƙatar kaza da kaza" fiye da "a taimaka wa mabuƙata".

A parish ɗin ƙauye hatsi ya fi kuɗi sauƙin samu. Lokacin bikin godiya na kaka a roƙi kowane gida mudu ɗaya ko biyu na abin da ya noma, a ware shi daban da wanda za a yi gwanjonsa a bazar. Wanda ba shi da hatsi ya kawo itace, ko ya ba da aikin ƙarfi ranar ƙulla kaya. Har waɗanda ke cikin jerin a bar su su kawo nasu idan sun so. Hana matalauci bayarwa wani nau'in raini ne. A birni kuma a ajiye kwando a bayan coci duk Lahadi huɗu na lokacin jiran zuwan Ubangiji, kowace Lahadi da abin da za a kawo: wannan makon shinkafa da wake, na gaba mai da gishiri, na gaba sabulu da barguna. A nemi izinin Fada a yi baiko na biyu, wato ƙarin tara kuɗi a lokacin ibada, sau ɗaya ko biyu. 'Ya'yan parish da ke aiki a Abuja, Legas ko ƙasashen waje a rubuta musu tun Nuwamba, a ba su lambar asusun parish. Asusun wani mutum ba ya shiga wannan magana, komai amincinsa.

Dokar Coci, sashe na 1267, ta ce abin da masu bi suka bayar domin wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata. Kuɗin mabuƙata ba ya komawa fentin coci, ko kayan ado na kogon haihuwar Yesu da ake kafawa a coci, ko man janareton daren Kirsimeti, ko da da niyyar za a mayar. A ƙirga baiko a gaban mutum uku, a rubuta, a sa hannu.

Masu siyasa za su kawo buhuna, musamman idan zaɓe ya matso. Ra'ayina shi ne a karɓa idan babu sharaɗi, a juye kayan daga buhun da ke ɗauke da hoton mutum ko tambarin jam'iyya, a rubuta a littafi kamar na kowa. Wanda ya ce sai an tara masa jama'a ya yi jawabi da 'yan jarida, a mayar masa da kayansa cikin ladabi.

Sayayya kuwa a yi ta da wuri. Hatsi ya fi araha da kaka, daga makon biyu na Disamba kuma shinkafa, mai, tumatir da kaji duk sukan tashi, kuɗin mota ma haka. Masu kusa da manyan kasuwannin hatsi irin su Dawanau a Kano ko Saminaka a jihar Kaduna su sayi buhu, parish biyu ko uku ma na iya haɗa kuɗin mota. Mutum biyu ke zuwa kasuwa, ɗayansu mace wadda ta san awo. Mudu ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, don haka a zaɓi mudu guda, a auna buhu ɗaya da shi a ƙirga, da shi za a yi lissafin sauran. Wake na saurin yin ƙwari: a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ko a jarka mai murfi a toshe. Kada a kuskura a zuba masa maganin ƙwari mai guba. Kayan gwangwani da na leda a duba ranar lalacewarsu da lambar NAFDAC.

Mataki na shida: abin da zai shiga ƙunshin

Kada a yi wa kowa kai ɗaya. Gidan mutum tara da ɗakin tsohuwa ita kaɗai ba za su karɓi abu iri ɗaya ba. A yi ƙunshi girma biyu ko uku.

A raba tunanin gida biyu. Akwai abin biki, wanda zai sa yaran gidan su ci shinkafa da miya da nama ranar 25 kamar yaran maƙwabta: shinkafa, man gyaɗa, tumatir, albasa, kayan ɗanɗano, da kaza ko kuɗin nama. Wannan ba almubazzaranci ba ne. Yaron da ya leƙa tukunyar maƙwabta ranar Kirsimeti ba ya mantawa. Akwai kuma abin riƙe gida har cikin Janairu: masara ko dawa, wake, manja, gishiri, sabulu. Idan kuɗi ya gaza, a rage na farko kafin na biyu.

A haɗa da ɗan kuɗi a ambulan, na niƙa da gawayi da cefane. Wasu 'yan kwamiti kan ji tsoron ba da kuɗi, wai za a sha giya da shi. Inda aka san akwai wannan matsala a damƙa wa uwar gida. A sauran gidaje kuwa, matar da ta riƙe yara biyar da sana'ar ƙosai ta fi kwamiti sanin inda naira dubu biyu za ta fi amfani.

Tufafi: abin da ba za ka sa wa ɗanka ya je coci da shi ba, kada ka kawo. A wanke, a goge, a ware bisa shekaru. Idan za a ɗinka wa yara sababbi, a kai wa tela tun Nuwamba, kuma a ba telolin parish masu ƙaramin ƙarfi aikin a biya su, an taimaki gida biyu ke nan. Tsofaffi da marasa lafiyar da ba sa iya girki a rubuta sunansu daban: dafaffen abinci za a kai musu ranar bikin, kuma a sami gidan da zai ɗauki nauyin kowannensu.

Mataki na bakwai: kai kayan

A ƙulla kaya kwana ɗaya ko biyu kafin rabo, a cikin ɗaki, ba a filin coci ba. Kowane ƙunshi a rubuta masa lamba, ba suna ba. A kammala rabo tsakanin 19 da 22 ga Disamba, domin uwar gida ta san abin da ke hannunta kafin ta je ta ci bashi, kuma domin 'yan kwamiti su ma su samu shirya gidajensu.

Waɗanda suka yi ziyarar farko su za su koma da kayan. Buhu mara rubutu, a kan babur ko Keke Napep, unguwa-unguwa, a ranaku da sa'o'i daban-daban. Ba waƙa, ba rigar ƙungiya, ba hoto. Idan mai bayarwa na nesa ya nemi shaida, a ɗauki hoton kayan a sito da kwafin rasit a aika masa. Wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala a ƙaramar takarda mai lambar ƙunshinsa, ita za a mayar wa mai littafi. Kalmar miƙawa ma a kula da ita: "Mama, ga gaisuwar Kirsimeti daga 'yan'uwanki na coci. Ki sa mu a addu'a."

Rassan ƙauye da hanyarsu ba ta da tsaro, kada a sanar da ranar tafiya, kada a yi dare, a kuma bi shawarar katikis da mutanen wurin a kan lokacin da ya dace. Mutanen Bokkos da Barikin Ladi ba su manta da hare-haren jajibirin Kirsimetin 2023 ba. Wani lokaci ya fi sauƙi a tura kuɗi a sayi hatsin a kasuwar ƙauyen, a raba a can.

Idan yawan jama'a ya sa dole sai an yi rabo a wuri guda, misali a sansanin 'yan gudun hijira, to a raba kati tun kafin ranar, kowane kati da sa'arsa, mutum ashirin ko talatin a lokaci guda. A buɗe ƙofa tun kafin mutane su taru, domin rufaffiyar ƙofa da jama'a suka jingina da ita ita ce ke kisa idan aka buɗe. Ƙofar shiga daban, ta fita daban. Kujeru da inuwa da ruwan sha, tsofaffi da masu ciki da naƙasassu su fara. Kada a zo da yara. A sanar da 'yan sanda tun da wuri, abin da rundunar ta nema ke nan daga masu shirya irin wannan rabo bayan abin da ya faru a 2024, a kuma sami ma'aikacin jinya a wurin. Ba a jefa kaya ko kuɗi cikin taro. In aka ga taron ya fi ƙarfin masu tsari, a dakatar, a koma kai wa gida-gida.

Ku ajiye kamar kashi ɗaya cikin goma na kayan. Ranar 23 da 24 sunayen da aka manta za su fito, kuma wasunsu sun fi na cikin jerin buƙata.

Mataki na takwas: Janairu

Ranar 26 ga Disamba idin Waliyi Istifanus ne, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan masu rabon abinci. Rana ce da ta dace matasa da mawaƙa su kai ziyara asibiti da gidan gyaran hali, bayan an nemi izinin hukumomin wurin tun kafin lokacin.

Lahadi ta biyu ta Janairu a karanta rahoto a coci, a kuma manna shi a allon sanarwa: nawa aka tara, buhu nawa aka samu, me aka saya, gida nawa aka kai wa a kowace unguwa, me ya rage. Ba sunan mai karɓa ko ɗaya. Kwamitin kuɗi ya duba rasit kafin a karanta. Parish ɗin da ya ji lissafi dalla-dalla bana, baɗi ba sai an roƙe shi da yawa ba.

Sannan a koma ga rukuni na uku na jerin, waɗanda matsalarsu ba ta abinci ba ce, domin Janairu ne watan kuɗin makaranta na zango na biyu da kuɗin haya. A ɗauki gidaje kaɗan, biyar ko goma gwargwadon ƙarfin parish, a bi su har shekara. Yarinyar da ta bar makaranta a yi magana da shugaban makarantar mishan a kan ragi. Gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona a haɗa ta da ofishin adalci da zaman lafiya na dayosis (yankin da Bishop ke jagoranta), wato JDPC, ko da lauya ɗan parish. Mai sana'ar da jarinta ya karye a ba ta jari kaɗan, matan zumunta su sa ta a adashensu. Manomin da ya sayar da komai a tanadar masa iri da taki kafin ruwan farko. Abin da ya fi ƙarfin parish, kamar jinya mai tsada ko ƙauyen da aka tasa gaba ɗaya, a rubuta shi a kai wa dayosis, wadda ke da hanyar tuntuɓar Caritas ta Najeriya, hukumar agaji ta Cocin Katolika.

A zaman ƙarshe na kwamiti a sa ranar da masu ziyara za su sake zagayawa, wajen makon farko na azumin Lent, sannan kuma a watan Yuli ko Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon amfani bai iso ba. Ragowar hatsi a ajiye shi domin wannan lokacin, a rubuta yawansa, mutum biyu su sa hannu, a mayar da littafin sunaye ofishin Fada a kulle.